Inji a Jikin Keke: Wa Ke Biyan Kuɗin Gudu?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, tafiya ta zama abin da ake yi wa lissafi kafin a ɗaura niyya. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000 a gidajen mai da yawa. Mutumin Girkau ko Margai da ke son zuwa Kebbe, ko na Sanyinna da sabga ta kira shi Tambuwal, sai ya tsaya ya auna kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa da farashin kwanon gero. Kekunan da aka jingine a zaure shekara da shekaru an kakkaɓe musu ƙura, an mayar da su hanya. Sai dai keke ƙafa yake ci, kuma duk wanda ya taɓa taka feda cikin rairayi a tsakiyar bazara, da buhu ɗaure a baya, ya san ƙafa tana da iyaka.

Daga nan ne tunanin ɗaura wa keke inji ke fitowa, kuma tunani ne mai kyau. Akwai kayan da ake ƙerawa a ƙasar Sin musamman don haka, suna zuwa a kwali ɗaya: ɗan inji, tanki, salansa, sarƙa, totur da hannun kuloci. A jikin kwalin akan rubuta cc 80, amma ainihin girmansa wajen 66 ne, wato cikin silindarsa bai wuce ɗan kofin shayin Buzaye ba. Wasu kuma ba sa jiran kwali. Injin ƙaramin janareto ko na feshi suke cirewa, su kai wa mai walda ya yi masa mazauni. Duk mai leƙa TikTok ko Facebook ya ci karo da irin waɗannan bidiyoyi, na gida da na ƙetare. Idan aikin ya yi kyau, keken zai riƙa yin kilomita 35 zuwa 40 a awa, ga shi ba ya shan mai kamar babur.

Har zuwa nan babu gardama. Gardamar tana mataki na gaba. A ce wani matashi ne a Dogon Daji, mai kaifin ƙwaƙwalwa da hannun gyara, ya haɗa nasa ya tashi. Mako biyu yana jin daɗi, a na uku sai 40 ta fara yi masa kaɗan. Ya gani a waya cewa akwai masu matsa wa irin wannan inji har ya kai 60 ko 70, kuma ya fahimci yadda ake yi. Kuɗinsa ne, kekensa ne, basirarsa ce. To, shin iya yin abu ya isa ya zama izinin yin sa? Idan kuma gudun da zai ƙara yana da farashi, aljihun wa za a taɓa?

Kafin a yanke hukunci gara a san halin injin. Na mota da na yawancin baburan yau, irin su Boxer, mai bugu huɗu ne: fistin ya sauka ya zuƙo mai da iska, ya hau ya matse su, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, ya sake hawa ya kori hayaƙi. Tafiya huɗu, aiki ɗaya. Mai bugu biyu kuwa ya dunƙule wannan duka cikin hawa ɗaya da sauka ɗaya. Ba shi da bawul irin na wancan. Ƙofofi ne kawai a jikin silinda, fistin ke rufe su yana buɗe su da jikinsa yayin da yake kai da kawowa. Saboda fulogi yana ba da wuta a kowane zagaye, ƙarfinsa ya fi girmansa. Saboda sassansa kaɗan ne, ba nauyi, ba tsada, kuma bakaniken ƙauye zai kwance shi ya mayar a gindin bishiya kafin la'asar. Iyayenmu da suka hau tsofaffin Suzuki da Yamaha masu shuɗin hayaƙi sun san shi sarai.

A wannan sauƙin ne kuma aibinsa yake. Ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, don haka a cikin fetur ake zuba masa, kamar mililita 30 zuwa 40 a kowace lita, su ƙone tare. Sannan akwai ɗan lokacin da ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi ke buɗe a tare, sai wani kaso na man ya bi hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba. Wannan ne asalin warin da shuɗin hayaƙin. Shi ya sa birnin Dhaka na Bangladesh ya kori 'yan adaidaita masu irin wannan inji daga titunansa a farkon 2003. Tun daga ƙirarsa, inji ne mai ba wa wanda ke kansa ƙarfi da arha, ya bar wa na bayansa hayaƙi.

Yadda ake ƙara masa ƙarfi ba sirri ba ne. Ana goge ƙofofin silinda a faɗaɗa su domin mai ya shiga da yawa. Ana rage kan silinda domin matsi ya ƙaru. Ana sa babbar kafireta. Ana cire faifan sarƙa na baya mai haƙora 44 a sa mai 36, taya ta riƙa juyawa da sauri. Babbar dabarar tana wurin salansa: a maimakon miƙaƙƙen bututu, sai a ƙera mai kumburarren ciki da tsukakken baki, wanda ke mayar da bugun hayaƙi baya daidai lokacin da mai ke ƙoƙarin tserewa, ya tura shi cikin silinda. Injiniyan da ya ƙware a wannan shi ne Walter Kaaden na kamfanin MZ a Jamus ta Gabas. A 1961 ɗan tserensa Ernst Degner ya gudu zuwa Yamma da ilimin a kansa, a 1962 kuma ya ci wa Suzuki gasar duniya ta babura masu cc 50. Ilimi ne mai ban sha'awa. Amma a lura da inda aka haife shi: filin tsere katangagge, babu akuya, babu yarinya mai talla, duk wanda ke ciki ya san abin da ya kawo shi kuma ya yarda da haɗarin.

Keken da ke zaurenmu ba a can aka haife shi ba. Ƙafar mai lafiya a doguwar tafiya ba ta wuce ƙarfin wat 100 da 'yan kai, kuma a kan wannan ma'aunin aka ƙera Rali da Phoenix da 'yan uwansu: siraran wayoyin taya, ƙarfen gaba marar kauri, da birkin roba biyu masu matse bakin taya. Injin kwali, ko ba a taɓa shi ba, yana ba da ƙarfin doki biyu, wato wajen wat 1,500. An ɗora wa jiki ɗaya ƙarfin mutum 15. In an matsa masa, lissafin ya ninka.

Ga inda ido ke yaudarar mutum. Ƙarfin da ke cikin abu mai gudu ba ya tafiya daidai da gudun. Ka ninka gudu sau biyu, ƙarfin ya ninku sau huɗu. Ka ninka sau uku, ya ninku sau tara. Keken da ke tsayawa cikin mita 4 idan yana kilomita 20 a awa, da wannan birkin dai zai buƙaci mita 16 idan yana 40, da mita 36 idan yana 60. Ban da daƙiƙa gudar da mutum ke ɗauka tsakanin ganin abu da matsa birki, wadda a gudun 60 ke cinye kusan mita 17. Haɗa su, ka wuce mita 50, rabin filin ƙwallo. Wannan ma idan robar ba ta yi zafi ta saki ba, kuma hanyar busasshiya ce mai kwalta. Kuɗin inji mai keke ya biya. Wannan mita 50 ɗin kuwa ta duk wanda tsautsayi ya tsayar a cikinta ce.

Amsar farko da matashinmu zai bayar ita ce: raina ne, in na faɗi ni zan karye. Ko a ajiye maganar cewa ran ma amana ne, kuma akwai uwa da ƙanne masu kallon hannunsa, maganar za ta tsaya ne kawai da a ce shi kaɗai ke hanyar. Babban titin da ya ratsa Tambuwal daga Sakkwato zuwa Jega na manyan motoci ne da ba sa ganin keke sai sun zo kansa. Hanyoyin cikin ƙauye kuma na kowa da kowa ne: almajirai da alluna, tsohuwa da itace a ka, amalanken shanu, raƙumi da kayan hatsi, ɗan yaye da ya sulale daga ƙofar gida. Babu wanda ya tambayi ko ɗaya daga cikinsu kafin a canza faifan sarƙa. Daɗin gudu na mutum ɗaya ne, haɗarinsa an raba shi da gari.

Wannan magana ta girmi inji. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda aka rubuta fiye da shekara dubu da suka wuce kuma har gobe ake karanta shi a zaurukan malamanmu, ya ɗora lamunin ɓarnar da dabba ta yi da takunta a wuyan mutumin da ke kanta, ko ke jan ta, ko ke kora ta. Hikimar a bayyane take. Doki ba ya zuwa gaban alƙali, don haka wanda linzami ke hannunsa shi ake tambaya. Abin da zamani ya ƙara shi ne, a yau mahayin ne da kansa ke zaɓar ƙarfin dokinsa da kaurin linzaminsa. Idan ya zaɓi ingarma ya sa masa zare a baki, ba zai ce tsautsayi ne ba ranar da ya ƙwace.

Akwai wani inji mai bugu biyu da kusan kowa ya sani, ƙaramin janareton nan na masu aski da masu cajin waya. Laƙabin da 'yan Kudu suka yi masa da Turancin Buroka yana nufin "na fi maƙwabcina". Ba a taɓa yi wa na'ura suna mai gaskiya kamar wannan ba. Hasken na mai shi ne, ƙarar da hayaƙin kuwa ta taga suke shiga ɗakin maƙwabci. A 2015 hukumar kwastam ta sanar da hana shigo da shi, amma bai ɓace ba, domin buƙatar da ta kawo shi tana nan. Keken da aka ƙara wa gudu ba a ƙara masa birki ba, ɗan gidan su wannan janareto ne. Bambancin kawai, abin da yake tura wa maƙwabci ya fi hayaƙi nauyi.

Amsa ta biyu ta bakanike ce, ko mai walda: ni aiki aka kawo mini na yi, abin da aka yi da shi ba ruwana. Maƙeri ma yana ƙera wuƙa, kuma ba a kama shi in an yi faɗa da ita. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma misalin bai zauna ba. Wuƙa ba ta ɓoye halinta. Wanda ya saye ta ya ga kaifinta, ya san inda zai riƙe. Keken da injinsa ya fi ƙarfin birkinsa kuwa ƙarya yake yi. Kullum yana gaya wa mai shi cewa komai lafiya, kwana ɗari yana tafiya sumul, sai ranar da akuya ta gitta sannan ya faɗi gaskiya. Mutum ɗaya ne ya san wannan gaskiyar tun ranar farko, shi ne wanda ya haɗa shi. Ya san wurin da ya huda ƙarfen jikin keke ya raunana shi. Ya san ɗan gargaren da ke ɗame sarƙa zai iya zamewa ya shige cikin wayoyin taya. Ya san marfin tayar gaba, in girgizar inji ta kwance masa noti, zai iya naɗewa ya kulle tayar nan take. Wanda ya fi sani shi ya fi ɗaukar nauyi, kuma shirunsa ba ya sauke shi.

Sana'ata rubuta manhajar kwamfuta ce, kuma wannan jarrabawar ita ce abincinmu na kullum. Mai ba da aiki abin da ido ke gani yake biya: sabon maɓalli, sauri, kyan fuska. Gwaje-gwajen da ke tabbatar da cewa manhaja ba za ta cinye kuɗin mutane ba idan sabis ya ɗauke a tsakiyar tura kuɗi, da hanyar komawa baya idan sabon gyara ya ɓaci, babu mai tafa musu. Suna cin lokaci, kuma idan sun yi aikinsu, abin da ke faruwa shi ne babu abin da ya faru. Haka birki yake. Babu mai ɗaukar bidiyon keke yana tsayawa lafiya ya ɗora a TikTok.

Kada kuma a ɗauka wannan cuta ce ta masu gyara a gindin bishiya kaɗai. Jirgin Boeing 737 ya fara tashi ne a 1967, kuma gajere ne, cikinsa kusa da ƙasa. Da kamfanin ya so ya yi gogayya da Airbus wajen rage shan mai, sai ya ɗaura wa tsohon jikin manyan injuna, ya kira shi 737 MAX. Injunan ba su sami wuri a mazaunin da ba, aka matsar da su gaba da sama, abin da ya sa hancin jirgin ke son ɗagawa a wasu yanayi. Sai aka rubuta manhajar da za ta riƙa danna hancin ƙasa da kanta, tana dogaro da na'urar awo guda ɗaya, kuma ba a yi wa matuƙa bayaninta yadda ya kamata ba. A Oktoban 2018 ɗaya ya faɗi a tekun Indonesiya da mutum 189. A Maris na 2019 wani ya faɗi a Habasha da mutum 157, cikinsu har da marubucin nan ɗan Najeriya, Farfesa Pius Adesanmi. Rayuka 346. Babban inji a tsohon jiki, da gaggawar shiga kasuwa, da wanda ya sani ya yi shiru. Girman kamfani bai canza lissafin ba.

Amsa ta uku ita ce mafi ƙarfi, kuma dole a saurare ta da kyau. Za a ce wannan duk maganar ƙoshi ce. Wanda ya haɗa inji da keke ai don ba shi da kuɗin babur ne, ta ina zai samo na birkin faifai da hular kwano? Kuma jinkiri ma yana kisa. Matar da naƙuda ta tsananta mata a wani ƙauyen Sangi ko Ungushi, asibiti yana nesa, ba za ta gode wa mai cewa a bi sannu ba. Manomin da tumatirinsa ke ruɓewa kafin ya kai kasuwa shi ma asara yake yi. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma sun ƙarasa da cewa sai dai a daɗe ba a je ba, kuma akwai tafiyar da daɗewa a cikinta daidai take da rashin zuwa.

Gaskiya ne. To, mu auna. Tafiyar kilomita 20 a ƙafa awa huɗu ce. A keken feda mai yin 12 a awa, minti 100. A keke mai inji mai yin 35, minti 34. A wanda aka matsa wa har 60, minti 20. Tsallen farko, daga feda zuwa inji, ya ceto fiye da awa guda, kuma wannan awar tana iya zama rai. Tsalle na biyu minti 14 kawai ya ƙara, a madadinsu kuma ƙarfin karo da tsawon birki sun ninku kusan sau uku. Bugu da ƙari, babu mai yin 60 a hanyar rairayi da majinyaci a baya. Ashe buƙatar talaka, wadda gaskiya ce, tsallen farko ya biya ta. Na biyun na sha'awa ne. Sha'awa ba laifi ba ce, amma bai kamata ta ari rigar buƙata ba.

Hasali ma, wanda ya san hanyoyin fadamun Kuchi da damina ya san cewa ƙarfin da ake nema a can na ja ne. Kuma injin nan ɗaya ne ke ba da duka biyun, zaɓi ne kawai. Ƙaramin faifan sarƙa yana ba da gudu ya rage ja. Babba, mai haƙora 44 ko 48, yana rage gudu ya ba da ƙarfin hawa tudu da buhun shinkafa da ficewa daga yashi, injin kuma ya fi daɗewa. Kuɗin da za a kashe a kan babbar kafireta da salansar tsere zai sayi birkin gaba na kirki, wanda shi ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayawa, da wayoyin taya masu kauri, da fitila, da maɓallin kashe inji kusa da babban yatsa. Ba za a ce kyauta ba ne, kuma wani zai jira wata biyu kafin ya haɗa kuɗin. Amma tsarin a fili yake: birki tukuna, sannan inji. Wanda kuɗinsa ya isa ɗaya kawai, bai kai lokacin sa na biyu ba.

Saura amsa ta huɗu: irin wannan taka-tsantsan zai kashe basira. Masu faɗar haka sukan kawo Soichiro Honda, kuma sun kawo wanda ya dace. A 1946, Japan tana cikin kangon yaƙi, ya sami ragowar ƙananan injuna masu bugu biyu, kimanin 500, da sojoji ke kunna rediyo da su, ya riƙa ɗaura su a jikin kekuna a garin Hamamatsu. Daga injin janareto a jikin keke kamfanin Honda ya taso. Suzuki ma a 1952 ta wannan ƙofar ya shigo, da ɗan inji mai cc 36. Faransawa sun yi Solex da Mobylette, waɗanda suka cika titunan Yamai da Wagadugu shekaru da dama. Don haka duk wanda ya ga yaro yana fama da inji da keke a ƙofar gida kada ya yi masa dariya.

Amma a bi labarin Honda har ƙarshe. Abin da ya mayar da shi sarkin babura a duniya shi ne Super Cub na 1958: inji mai bugu huɗu marar hayaƙi da ƙara, sarƙa a rufe, kariya ga ƙafafu, da kuloci mai aiki da kansa domin wanda bai taɓa hawa babur ba ya iya. Ya daina aro jikin keke, ya ƙera jikin da ya dace da injin. A 2017 adadin da aka ƙera ya kai miliyan 100. Honda yana son gudu ƙwarai, amma filin tsere ya kai shi, ya fara shiga gasar tsibirin Man a 1959. Ya raba wurin wasa da hanyar mutane.

Mu ma muna da namu misalin a gida. Jelani Aliyu, wanda asalin gidansu Dogon Daji ne, ya yi aiki a General Motors a Amurka, shi ya zana siffar motar Chevrolet Volt da aka nuna wa duniya a 2007, a 2017 kuma aka naɗa shi shugaban hukumar tsara da bunƙasa ƙera motoci ta Najeriya. A sana'ar da ya yi suna a cikinta, mota ba ta shiga kasuwa sai an gwara irinta da bango an ga abin da zai sami na ciki. Zane komai kyansa sai ya bi ta wannan ƙofar. Iyakar ba ta hana shi zama gwani ba, a cikinta ya zama gwanin. Yaron da ke son ya bi sawunsa, ranar da ya fara tambayar kansa yadda abin da ya haɗa zai lalace da kuma wanda zai faɗa wa, ranar ya tashi daga mai haɗe-haɗe ya fara zama injiniya.

Akwai kuma dalili na son kai, ga wanda sauran ba su gamsar ba. Idan masu sana'a ba su yi wa kansu birki ba, hukuma za ta yi musu, kuma hannun hukuma ba ya zaɓe. Mun gani a wasu lokuta da wasu dalilai. A Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarkin Kano Ado Bayero, an hana acaɓa a birnin Kano, dubban masu neman halal suka wayi gari ba sana'a. A Satumban 2021, saboda 'yan bindiga, gwamnatin Aminu Waziri Tambuwal ta hana goyon mutum uku a babur, da sayar da fetur a jarka, da cinikin tsofaffin babura a wasu kasuwanni, da zirga-zirgar babura da dare. Dalilin tsaro ne, amma darasin ya wuce tsaro: dokar da aka yi don mutum goma, dubu take kamawa. Dokar da ake iya kaucewa kuma wasa ake mayar da ita, kamar yadda aka ga masu kifa ƙwarya a ka lokacin da aka tilasta sa hular kwano a farkon 2009. Yau keke mai inji yana tsakiya, bai cika keke ba bai kai babur ba, babu mai tambayarsa lamba ko lasisi. Wannan sarari ne da talaka ke numfashi a cikinsa. Yara biyu ko uku da za a take a bakin kasuwa sun isa su rufe shi, kuma idan ya rufe, mai kai haƙuri asibiti da mai tseren banza tare za a hana su.

Saboda haka amsar tambayar ba hani ba ce. A haɗa, a gwada, a ƙara ƙarfi ma idan jikin zai ɗauka. Masu son tsere su nemi fili a bayan gari, su sa ranar, su sa hula, a zo a yi kallo. Abin da ba shi da kyau shi ne mutum ya ci gudu shi kaɗai ya bar wa mai tafiya a ƙasa biyan kuɗin. Duk ƙarfin da ka ƙara wa abin hawa bashi ne ka ɗauka daga mutanen da ke hanya ba da saninsu ba, kuma da birki ake biyan sa, a gaba, kafin a kunna inji.

Kakanninmu masu dawaki sun san ma'aunin. A hawan sallah, idan aka zo jafi, mahaya sukan saki linzami su taho a sukwane kamar za su bi ta kan sarki. Kowane doki zai iya wannan gudun. Abin da jama'a ke jira su gani, kuma abin da ake yi wa guɗa, shi ne wanda zai ja ya tsaya cak, taku kaɗan daga gaban sarki, ƙura ta wuce shi kuwa yana nan daram da hannu a sama. Wanda dokinsa ya zarce, komai gudunsa, ba a kiran sa gwani.